Zazzaɓin Kwamfutar Kawu

Rannan na leƙa ɗakin ɗana yana buga gem a kwamfuta, sai wani wari ya daki hancina, warin ƙurar da ta gasu a cikin inji. Wataƙila kai ba ka taɓa lura da shi ba. Ni kuwa sai da na dafa bango, domin ya mayar da ni Tudun Wada, ɗakin Kawu, ina 'yar firamare.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, autan Kaka, ni kuma a hannun Kaka na tashi. Shi ya dawo daga birni da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙeya kamar talabijin. Wai koyon aiki zai yi da ita. Ni dai tseren mota kawai na ga ana yi, in an kawo wuta. Ya koya mini kunnawa, sannan don tsokana ya naɗi muryarsa ya saka a ciki. Da an kunna sai ta ce, "Salamu alaikum Inna, an wuni lafiya?" Kaka ta ce wannan aikin banza ne, amma ba ta taɓa ƙin amsa sallamar ba.

Da bazara ta shigo, kwanon ɗakin yana ƙara saboda rana, kwamfutar ta fara ɗaukar zafi. Ana tsakiyar tsere sai motar ta daskare. Kawu yakan buɗe gefenta, ya hure ƙurar da ta toshe 'yar fankar ciki, ya ɗora ta kan bulo kusa da taga. "Ƙwaƙwalwarta ce ke zafi," ya ce mini. "Iska kawai take so."

A bazarar ce sanƙarau ya shigo unguwarmu. Kawu bai daɗe a kwance ba ya rasu.

Kaka ta rufe tagar ɗakinsa, ta hana a share, ta hana a taɓa komai. Bayan sadakar arba'in, wata rana da tsakar rana aka kawo wuta, sai ta kira ni a hankali. "Ke 'yar nan, zo ki tashe min shi." Na kunna, ya yi sallama, ta amsa har da tambayarsa ya jiki. Ba mu da hotonsa mai kyau, ba mu da kaset. Wannan 'yar gaisuwar ce kaɗai ta rage mata, kullum kuma sai ta sa na kashe na kunna, na kashe na kunna, a ɗakin da iska ba ta shiga. Ina tsoron ɗakin ƙwarai, amma tausayinta ya fi ƙarfina.

Fankar ciki ta fara nishi. Ran da abin ya faru, gari ya yi tsit, ko kaji sun shige gindin rumbu. Na kunna, muryar ta taso, ta yi sallama, sai ta maƙale. "Inna, Inna, Inna, Inna." Ba ta wuce nan ba, ba ta kuma tsaya ba. Ta yi kauri, ta shaƙe, kamar mutum na kira daga cikin rijiya.

Kaka ta taɓa ƙarfen ta janye hannu da sauri. "Zazzaɓi ne," ta ce. Ta jawo bargon Kawu daga kan gado.

"Kaka, cewa ya yi iska take so."

"Na raini 'ya'ya kafin a haifi uwarki. Zazzaɓi ba ya fita sai an yi gumi."

Haka ake yi mana duka in jiki ya yi zafi, a lulluɓe mu ruf har mu jiƙe. Ta lulluɓe kwamfutar, ta cusa gefen bargon ta ko'ina, ta zauna a ƙasa tana shafawa tana cewa sannu. Kiran ya ci gaba daga ƙarƙashin bargo, can ƙasa-ƙasa. Sai wani abu ya ce ɗas, ɗan hayaƙi ya ratso ulun, ɗakin ya yi shiru.

Kaka ba ta ɗaga bargon ba sai da aka kira la'asar. Ta zura hannu ciki ta daɗe. "Ya sauka," ta ce, har da ɗan murmushi. Sannan murmushin ya tafi, hannun yana nan a ciki. "Shi ma da nasa ya sauka haka na ji jikinsa."

An kai kwamfutar birni wajen masu gyara, suka ce komai ya ƙone. Kaka ba ta ƙara tambaya ba.

Yanzu kowa na da muryar mamacinsa a waya, ya saurara sau nawa ya ga dama. Ni na sha zama ina ƙoƙarin tuno yadda Kawu yake magana da ransa, yadda yake dariya in na kifar da mota. Na kasa. Duk sanda na neme shi, wannan kiran ne ke zuwa, kuma har yau ban san ko amsawa ya kamata in yi ba.