Sunan da Na Laƙaba wa Lauyar Layinmu

Ni na laƙaba mata sunan, ba zan yi ƙarya ba. Lauyar da ke gida na huɗu a layinmu, ni na fara kiranta Uwar Ɓarayi a bakin rumfata ta faci, aka yi ta dariya har mai aski ya kusa yanke kunnen mutum. Shekara tara ke nan sunan bai sake ta ba.

Ubanta masinjan kotu ne, ya tsufa yana ɗaukar wa wasu fayil. Da ta zama lauya kowa ya zaci sai mota da gidan sama. Ina. Tsohuwar jaka, takalmi duk ya cinye ta gefe ɗaya, kullum tana hanyar gidan yari. In ta wuce sai in ce, "Uwar Ɓarayi, yau wane ɗan naki za a yaye?" Ta ce, "Maƙwabci, ka dai ji da tayarka."

Sai aka kama ƙanena. Direban a-kori-kura ne, wani ya ɗauke shi ya kai masa janareta, ashe na sata ne. Wanda ya ɗauke shi ya ɓace, aka riƙe direba. Kafin mu isa ofishin 'yan sanda sun rubuta shafi biyu da Turanci, wai ya amsa laifi, sun dangwala masa yatsa. Mutumin da ko takardar asibiti sai an karanta masa.

Na je ƙofarta ina sunkuyar da kai.

"Maƙwabci, ba kai ka ce ɓarayi nake karewa ba?"

"Wannan ba ɓarawo ba ne."

"Duk wanda ya tsaya inda kake tsaye haka yake cewa. Shigo."

Na ɗauka za ta tashi ta buga tebur alƙali ya girgiza. Wata bakwai muna goge benci. Yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe motar gidan yari babu mai, jibi fayil ya ɓata. Ita ce mai bin ofis-ofis tana nemo shi. Ranar da ɗan sandan da ya rubuta takardar ya zo ba da shaida, ko murya ba ta ɗaga ba.

"Da wane harshe ya yi maka bayani?"

"Da Hausa."

"Wa ya karanta masa Turancin kafin ya dangwala?"

Ɗan sandan ya hau juya takardar.

"Nuna wa kotu inda tafinta ya sa hannu."

Wurin fayau. Alƙali ya yi watsi da takardar, bayan sati uku aka sallami ƙanena.

Ga abin da ke ƙona min rai. Mun shigo layi, ƙanena ya rame har yana riƙe wando da hannu, mai aski ya leƙo ya ce, "Uwar Ɓarayi ta sake fitar da wani. Me ta miƙa wa alƙali?" Wannan fa ko ƙofar kotu bai taɓa gani ba. Wata bakwai bai tambaye mu ya jikin tsohuwarmu ba, amma ya san abin da aka miƙa.

Na ce masa in ya ƙara kiranta haka zan cusa masa bakin famfo in hura shi.

Ya ce, "To ai kai ka raɗa."

Na ja ƙanena muka wuce gida.

Jiya da safe ta wuce, na miƙe na ce, "Barista, ina kwana."

Ta tsaya ta dube ni. "Maƙwabci, ba ka da lafiya ne?"

Ba ta kai ƙarshen layi ba na ji wani ya kira ta da sunan.