Kaso Na Uku Na Geron Inna

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Ummaru, malamin gona, a ƙauyenmu na kusa da Gatawa. Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, a kan gadonsa, da liman a gefensa, ƙofar gida cike da jama'a. A lokacin mun yi ta kuka muna cewa ya tafi da wuri. Yau idan na dubi irin mutuwar da ake yi a yankinmu, sai in ce Allah ya rufa masa asiri. Ƙauyen da aka binne shi ma yanzu babu kowa a ciki.

Duk wanda ya san Yaya ya san shi da tsohon babur da jakar fata cike da ambulan. Aikin da gwamnati ta ɗauke shi daban, wanda ya ɗora wa kansa daban. Daga Tozai har Unguwar Lalle yakan bi tsofaffin mata gida-gida yana roƙon iri: gero, maiwa, dawa, wake, yakuwa, har ƙwallon kanya da magarya. A wajenmu ba a sayar wa maƙwabci iri, ba a kuma hana wanda ya roƙa. Ko ba kwa ga maciji da mutum, idan ya yi sallama ya ce iri yake so, sai ka ɗebo masa tafi guda ka ce Allah ya ba da damina. Yaya ya kama wannan al'ada ya yi ta morar ta, har aka laƙaba masa Mai Roƙon Iri.

Tsarinsa shi ne kowane iri ya zauna a wuri uku. Kaso na farko yana hannun mai shi. Na biyu yana ɗakin Yaya, cikin goruna, an cakuɗa da toka saboda ƙwari, an liƙe bakin da laka. Na uku shi ne na ambulan. Sai ya rubuta sunan gari da sunan mai iri, ya ba wasu masu binciken tsirrai da ke zuwa daga Sakkwato, su kuma su tura wani babban rumbun iri a ƙetare, inda ake adana irin ƙasashen duniya cikin sanyi. Ya ce gudummawar jama'a ce ke riƙe da wurin, wasunsu ma ba su taɓa ganin karan gero ba.

Ni kuwa Allah ya hore mini baki. Na ce masa, "Yaya, mutane na kwana da yunwa, wasu na ba da kuɗi a sa gero firji? Wagga wace irin sadaka ta?"

Ya yi dariya ya ce, "Rabi, in wuta ta kama garinga, ina za ki samo geron Inna?"

Na ce, "Mi za ya ƙone garinga?"

Wannan amsa tawa har yau tana hana ni sakat.

Geron Inna gajere ne, ba ya wuce ƙirjin mutum. Yana nuna tun sauran ba su gama fitar da kai ba, kuma ba ruwansa da takin zamani. Mahaifiyarmu ta zo da shi daga gidansu, kakarta ce ta ba ta. Duk lokacin girbi Inna takan zaɓi manyan zangarnu ta ɗaure ƙaramin dami, ta rataye a ɗakin girki inda hayaƙi zai bi ta kansa. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa damin iri. A garinmu, wanda ya daka iri har jikokinsa sai an goranta musu.

Wutar ta zo bayan Yaya ya tafi. 'Yan bindiga suka shigo da rana tsaka, suka kora shanu, suka cinna wa rumbuna. Ɗakin Yaya da gorunansa ya tafi cikin lokacin da bai kai dahuwar tuwo ba. Muka gudo garin Isa, ni da Inna da marayunsa uku. Inna ba ta ɗauki zane ko tukunya ba. Damin irinta kawai ta rungumo.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗar sa a bainar jama'a ba. A daminarmu ta farko a Isa babu wanda ya isa ya je gona. Abin da dangi suka taimaka da shi ya ƙare, Inna ta kwanta zazzaɓi, yara kwana biyu ba su sa komai a baki ba sai tafasa. Wata safiya na sauko da damin, na sussuke shi, na daka, na dama kunu. Na kai wa Inna nata. Ta kurɓa sau ɗaya ta tsaya.

"Rabi, ina kinka samu geronga?"

Na sunkuyar da kai.

"Iri kinka daka," in ji ta. Ta miƙo mini kofin. "Ba yara, tunda an daka."

Daga ranar ba ta sake ta da maganar ba. Wallahi da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san abin da zai fara yi wa kuka ba. Amma na san zai gane abin da mu sai yanzu muka gane. Gonar nesa ta gagara. 'Yar wadda ke bakin gari ma, babu mai son shuka abin da zai yi tsawon da mutum zai laɓe a ciki, babu kuma mai son ƙarin kwana ko ɗaya a fili. Gajeren gero mai saurin nuna, wanda ba ya neman takin da ba mu da halin saya, shi ne abin da kowa ke cigiya. Shi ne kuma na dama kunu da shi.

Na nema, Allah ne shaidata. Na bi matan garinmu da ke warwatse a Isa da Sabon Birni, waɗanda Inna ta taɓa ɗebo musu tafi-tafi. Wannan ta ce nata ya ƙone, waccan ta kawar da kai, sai in gane irin kunun da ita ma ta dama. Na roƙi 'yan kasuwa masu shiga Nijar. Sau uku suna kawo mini mai kama da shi. Inna takan tauna ƙwaya ɗaya ta ce, "Ba shi ne ba," ta tofar.

Sai bara na tuna da ambulan. Na je wurin Malam Haruna, tsohon abokin aikin Yaya, ya taimaka muka rubuta wasiƙa. Bayan watanni amsa ta zo. Geron yana nan, da sunan garinmu, da sunan Inna da rubutun Yaya. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da muka gudo. Sai Malam Haruna ya karanta sauran. Abin da ke hannunsu kaɗan ne, ya kuma daɗe a ajiye. Sai sun shuka shi sun ninka kafin su aiko, kuma irin da ke jiran wannan aiki suna da yawa, masu ba da gudummawa kuwa sun ja baya. Ba su ce a'a ba, ba su kuma sa rana ba.

Shi ya sa ni Rabi, wadda ta yi wa wannan sadaka dariya, na zo jarida ina roƙo. Ku masu hali da ke gina masallatai, kuna haƙa rijiyoyi, kuna raba shinkafa da azumi, Allah ya saka muku. Amma shinkafar da kuka ba mu mun cinye ta a mako guda. Ku nemi masu adana iri, na gida da na waje, ku sa musu hannu. Ban san hanyar da ake bi ba, ku kun fi ni sanin hanyoyi. Abin da na sani shi ne iri ma yana mutuwa a ajiye, kuma Inna ta tsufa.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar shanu ba. Abin da ya rage nasa a duniya tafi guda ne na gero, a ƙasar da ko sunanta ban iya faɗa daidai ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shekaranjiya ruwan shuka ya sauka. Akwai ɗan fili a bayan gidan da muke zaune, Inna ta share shi da hannunta tun bazara. Na zo zan jefa wake, ta tare ni da sandarta ta ce, "Bar wurin nan. Ummaru ya aje, za a kawo."

Wuta ta ci kaso ɗaya, Yaya, ni na ci ɗaya. Saura naka na ambulan.