Abin da na ƙi fassara wa Hauwa'u

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Wasu sun zaci na koma Kano, wasu sun zaci na rasu. Ina nan Guangzhou, ni kaɗai a ɗaki da sandata. Ƙyamar kaina ce ta rufe mini baki.

Wadda abin ya faru da ita ta ba ni izini in rubuta. Zan kira ta Hauwa'u, ba sunanta ba ne. 'Yar marigayi aminina ce. Mijinta yana sarin takalma a kasuwar Zhanxi, lokacin ya bi kaya gida.

Da hantsi ta kira ni in raka ta asibiti, don ba ta jin yaren Sin, ni kuwa na fi shekara talatin ina yi wa 'yan kasuwa tafinta. A tasi ta faɗa mini, fuskarta na kallon taga. Ciki ne, sati bakwai. Goyonta wata shida, kuma da tiyata aka ciro shi. Tsoro ya kama su ita da mijin, ta je asibiti aka ba ta maganin zubarwa. Kashi biyu ne. Ta sha na farko. Ranar da za ta koma a ba ta na biyu, ta tsaya bakin ƙofa da jakarta, ta kasa.

"Baba, ina son abina."

Ban yi mata wa'azi ba. Wannan kaɗai na yi daidai.

Aka yanki kati, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitar mace ce, ba ta ɗaure fuska ba. Ta ce cikin yana nan, zai iya zama, zai iya fita. Na tambaya ko da maganin da zai warware na farkon. Ta ce meyo, wato babu, babu wanda za ta ba mu tabbaci a kansa. Duk wannan na fassara.

Sai ta shiga maganar jini, dalla-dalla. In tana jiƙa audugar mata biyu a awa ɗaya, in manyan gudaji na fita, in jiri ko zazzaɓi ya zo, ta dawo a take.

Yarinyar nan ni na yanka ragon sunanta. Bakina ya ƙi. A inda muka taso, dattijo ba ya ambaton audugar mata a gaban 'yarsa. Na ce, "Ta ce in kin ji ba daɗi ki dawo."

Likitar ta dube ni. Ita ta daɗe tana bayani, ni na gama a numfashi ɗaya. Ta tambaya ko na faɗa duka. Na ce eh.

Da furfurata na yi ƙarya.

Bayan kwana uku jini ya ɓalle tun safe. Hauwa'u ta ɗauka haka abin yake, ta yi ta haƙuri. Ita ma tana jin nauyin kiran tsoho ta ambaci jini. Sai la'asar maƙwabciyarta 'yar Nijar ta tsince ta a banɗaki.

Na same ta a sashen gaggawa, leɓenta fari fat. Ƙarnin zanin da aka naɗo ta da shi har yau yana hancina. Aka ƙara mata jini leda biyu, aka yi mata wankin mahaifa.

Cikin ya tafi.

Likita ta ce ko da wuri aka zo ba lalle a tsare shi ba, amma da ba ta kai bakin mutuwa ba.

Ni da ban taɓa tsallake kwali ɗaya a maganar kwantena ba. Abinci ya fita raina, hawan jinina ya tashi. A gidan abincin da mutanenmu ke taruwa a unguwar Liuhua, na ji maza suna tauna nama suna cewa Allah ne ya kama ta. Babu ɗaya da ya je dubiya. Na ture farantina na fita, amma ina sane ban fi su ba.

Rana ta biyar na zauna bakin gadonta na faɗa mata abin da na yi. Sai ta ce:

"Baba, da ka faɗa, da na kasa sake haɗa ido da kai. Amma da na zo."

Washegari aka sallame ta da maganin ƙarin jini. Wata biyu kafin ta iya hawa bene ba hutawa. Yanzu ta warke, tana goya ɗanta. Da wata ɗaliba take zuwa asibiti, ba ta sake nemana ba. Ta yi daidai.

Na gode wa Allah da ya bar mana ita, na gode wa maƙwabciyar nan, da likitar da ta gane ni ba ta tozarta ni ba.

'Ya'yana mata, wadda ta fara maganin nan ta sauya ra'ayi, ta je asibiti a ranar, ta faɗi gaskiyar abin da ta sha. Ta nemi a rubuta mata alamomin haɗari. Jini mai yawa ba abin haƙuri ba ne.

Ku kuma tafintoci maza, in bakinku ba zai iya faɗa ba, ku tashi ku ba mace kujerar.