Reshen da ban karya ba a Kyoto

Mun tashi da asuba daga masaukinmu na Guangzhou a ƙasar China, mu uku, kowa da 'yar jakarsa. Shekarata tara ina zirga-zirga tsakanin Kano da wannan gari ina saro yadi, amma ban taɓa hawa jirgi don kallo kawai ba. Wannan karon ma ba don kaina na hau ba.

Babbanmu wani Alhaji ne ɗan Maraɗi, shi ya koya min kasuwar nan. A da, daga bakin shago yake bambance shuɗi kala biyar. Yanzu idonsa na dushewa, likita kuma bai ɓoye masa ba, ya ce abin gaba zai yi ta yi. Bai yi mana raki ba. Abu ɗaya ya roƙa: mu kai shi Japan ya ga furen sakura, wanda ya daɗe yana kallo a jikin wata kalanda, tun yana da sauran gani. Furen nan da ƙarshen sanyinsu yake fitowa, kuma ba ya daɗewa yake zubewa. Na ukunmu, ɗan Fagge mai harkar takalma, shi ya sha wahalar biza.

Da muka sauka a Osaka, sai muka hau jirgin ƙasa zuwa Kyoto. Jirgi cike, amma shiru kamar ana huɗuba. Can sai wayar ɗan Fagge ta yi ƙara, ya hau faɗa da ejan a kan kwantenarsa da ke tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ba wanda ya harare shi, ba wanda ya ko juyo, wannan kuwa ya fi harara ciwo. Da kansa ya kashe wayar ya sunkuyar da kai.

Ni ma ban tsira ba. Na shiga wani shago na taya mafici yadda muke yi a kasuwar Guangyuan ta Guangzhou, na raba kuɗin biyu. Matar ta rusuna, ta yi murmushi, ta sake nuna min takardar farashin. Na tafi har bakin ƙofa ina jiran a kira ni, ba wanda ya kira ni. Abinci kuma da tsada, ga bin diddigin halal. Shinkafa da gasasshen kifi muka riƙe, da yajin da Alhaji ya ƙullo. Ɗanyen kifinsu dai ya ce a bar wa masu shi.

Washegari da hantsi muka je bakin wani kogi. Bishiyoyi jere, duk sun rufe da fure, ko ganye babu. Mutane sun shimfiɗa shuɗin tamfol a ƙarƙashi suna cin abinci, takalmansu jere a gefe kamar ƙofar masallaci. Alhaji ya ɗaga kai, ya daɗe a haka.

"Ƙanena," ya ce da ni, "gajimare kawai nake gani."

Na ji tsoron mun makara. Mu kuwa 'yan kasuwa, idan abu ya yi wa mutum nisa, samfur muke yanko masa. Ban yi tunanin komai ba na miƙa hannu na kamo reshe zan karya. Sai wata tsohuwa da ke zaune ta daka min tsawa, ta gitta hannayenta biyu. Ashe a wurinsu ko taɓa reshen ba a yi. Raina ya ɓaci, don ni gajen haƙuri gare ni. Na nuna mata idon Alhaji, na girgiza kai.

Ta dube shi. Sai ta janye kwanukanta, ta daddaɓa tamfol ɗin alamar mu zauna. Muka cire takalma muka zauna. Ta zuba mana koren shayi mai ɗan ɗaci, ta nuna sama, ta yi min alama da tafin hannu in dakata. Ni da ban iya zama banza ba, sai duba agogo nake.

Can iska ta kaɗa. Fure ya yi ta zubowa a kan hular Alhaji, a kafaɗarsa, a cinyarsa. Ya tsinci ɗaya ya kai dab da ido, sannan ya murza shi tsakanin yatsu yadda yake wa shadda.

"Wannan ba fari ba ne," ya ce. "Akwai ruwan hoda kaɗan a gindinsa. Ko na yi kuskure?"

"Ba ka yi kuskure ba, Alhaji."

Ya yi dariya har da hawaye. "Alhamdulillahi. Babu kamfanin da zai iya buga wannan kalar." Ɗan Fagge ya juya baya, wai ƙura ce ta shiga masa ido, a garin da ko ƙwayar ƙura ban gani ba.

Mun dawo Guangzhou ana shirin buɗe baje koli a Pazhou, gari ya cika da hayaniya. Abin da na koyo bai da yawa, amma ya shiga ni: duk rayuwata fizgo abu nake yi, ban san akwai wanda sai ka zauna yake zuwa maka ba. Yanzu tare muke shiga shaguna da Alhaji. Yakan ɗauki yadi ya kai dab da ido, ya daɗe, mai shago yana ta ƙwanƙwasa tebur. Na san kalar tun daga ƙofa, amma ba na faɗa. Ina jira ya faɗa da kansa.