Dattijon da Ya Ba Doki Baya

Malam Ashafa ya zo kasuwar dabbobi a Lafia neman mai sayen ɗan dokin da marigayi ɗansa ya bari, wanda ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi. Sai ya hango wani siririn dattijo a tsugune, ya ba wani ɗan doki baya, babu bulala a hannunsa. Dokin yana huci, yana matsowa, har ya sa hanci a wuyansa. Hannuwan dattijon duk tabon igiya ne. Da alama ya sha wuya kafin ya koyi haƙuri.

"Baba, ba ka tsoron cizo?"

"Shi ma tsoro yake ji, Malam. Kai dai naka ka jira, shi zai zo da kansa."

Ashafa ya fasa cinikin. Da la'asar ya tsuguna kusa da turken dokin ɗansa, ya juya baya.