Ciwon da Na Ɓoye Bayan An Cire Min Ƙarin Mahaifa

Assalamu alaikum jama'ata. Na san na ɓace muku ɓat. Masu cewa Rabi ta yi kuɗi ta manta da mutane, Allah ya shirye ku, gadon asibiti ne ya riƙe ni.

Abin ya faro ne da jinin al'ada da ba ya son tsayawa, ga jiri, ga ciki yana ta tasowa. Har barka aka yi min a wani biki a Ƙofar Ƙaura, ana zaton juna biyu ne. Na yi murmushi, na koma gida na sha kuka, don ni da maigidana har yau muna jiran rabonmu.

Hoton ciki ya nuna ƙari ne a mahaifa, kuma ba ɗaya ba. Sai da aka ƙara min jini kafin a sa ranar aiki. Kuɗin gwaji da na tiyata kuwa, sarƙar aurena ce ta tafi.

Kafin a shiga da ni likita ta ce, "Za mu yi ƙoƙari mu bar miki mahaifarki. Amma idan jini ya ƙi tsayawa, dole mu cire." Maganar nan ta zauna min a ƙirji.

Na farka aka ce an yi nasara, mahaifa tana nan. Alhamdulillahi.

Da allurar kashe ciwo ta sake ni, sai ciwo ya ce ga shi nan. Kamar an ɗora min dutsen guga a mara. A gadon kusa da ni akwai Maman Hanif, aikinmu iri ɗaya, rana ɗaya. Washegari ita har tana takawa zuwa banɗaki tana hira. Ni ko tari ba na iyawa.

Sai na ƙudurta a raina cewa nawa aikin ne ya ɓaci. In na faɗa, za su mayar da ni ɗakin tiyata su cire mahaifar. Don haka na ja bakina na yi gum. Duk sanda nas ta ce ya jiki, sai in ce da sauƙi. Ita kuma ta wuce.

Ga 'yan dubiya. Kun dai san mu Katsinawa da gaisuwa, sai an tambayi har kajin gida. Duk babban da ya shigo sai na yunƙura na tashi zaune, na gyara mayafi, na rusuna. Ya za a yi dangin miji su same ni a miƙe? Barci kuwa babu shi, tsoro ya hana.

Ranar da asirina ya tonu, surukata Hajiya Inna ce ta zo daga Gobarau bayan la'asar. Na fara yunƙurin tashi, ta dafa kafaɗata.

"Ke, kwanta. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Hajiya."

Ta dubi zufar da ke goshina, ta dubi yadda na damƙe ƙarfen gado. Ta ce, "Ɗiyata, wagga amsa ta 'yan dubiya ce. Ni ki hwaɗa mani gaskiya."

Wallahi sai kuka ya ƙwace min. Na faɗa mata komai, har tsoron da nake ji. Ba ta ko zauna ba, ta fita ta dawo da nas, nas ta kira likita.

Aka duba ɗinki, aka auna zafin jiki, aka sake hoto. Ina kwance ina ta salati.

Likita ta ce, "Rabi, mahaifarki lafiya lau. Babu inda za mu mayar da ke."

Ban taɓa jin sanyi a zuciya irin na lokacin ba.

Ta yi min bayani cewa ba a gwada ciwon wani da na wani. Ƙarin da aka cire min ya fi na Maman Hanif yawa, yankan ya fi tsawo. Jikina ya daɗe yana shan wahala kafin aikin. Tsoro da rashin barci suna ƙara wa ciwo ƙarfi, rusunawar nan kuma tana jan ɗinki. Ta ce, "Kuma kin bari ya hau sosai. Da kin faɗa da wuri, da tuni mun ƙara miki magani."

Aka canza magani. Hajiya ta ja kujera ta zauna bakin ƙofa, duk wanda ya zo ta ce ya gaida ni daga tsaye ya ƙara gaba. Har wan maigidana ta kora. Na samu barci, na fara takawa, Maman Hanif tana tsokanata wai amarya ta fito.

Shawarata: in an yi muku aiki, ku faɗi inda ke ciwo da yadda yake, tun yana ƙarami. Abin da kuke tsoro ma ku tambaya. Masu zuwa dubiya, ku taƙaita, ku hana mara lafiya tashi.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan ɗakinmu, da maigidana, da ku masu addu'a.

Jiya Hajiya ta kira ni ta ce, "Ya jiki? Ta gaskiyar nike so."

Na ce da sauƙi. Ta saurari muryata da kyau, sannan ta ce, "To, yanzu na yarda."