Ƙarar Bindiga a Faretin Jikana

Muna zaune a filin fareti, ranar yaye jikana Sanusi daga horon soja, sai sojoji suka ɗaga bindigogi sama suka saki wuta a tare. Kafin in waiga, kakarsa Hajiya Rabi ta kwanta ƙasa tana jan rigata, kamar yadda muka saba yi a garinmu Zakka idan ɓarayin daji suka shigo.

"Malam, kwanta! Ina Sanusi?"

Na ce, "Tashi, Hajiya, harbin murna ne. Ga shi can cikin masu harbin."

Ta miƙe tana kakkaɓe zane, ga hawaye ga dariya. "Ja'irin miji, haka zai tsorata kakarsa?"

Alhamdulillahi. Na manta rabon da in ji ƙarar bindiga raina ya yi fari. 'Yan'uwa, ku fa, yaushe rabonku?